GIDAJEN TALAKAWA: Daga Alƙalawa zuwa lokos, wa ke riƙe da takardar sunaye?

A damanar 2024 na je Sakkwato gaida wata gwaggo ta, ƙanwar mahaifi na. Mutuniyar wani ƙauye ce da ke kusa da Burkusuma a ƙasar Sabon Birni, kuma ta baro gida tun ƙarshen 2021, jim kaɗan bayan harin da 'yan bindiga su ka kai wa sansanin jami'an tsaro na Burkusuma a watan Satumba na shekarar. Lissafin ta mai sauƙi ne: idan masu kaki da bindiga ba su tsira ba, ina ga tsohuwa da jikoki huɗu? Na same ta a wani kango a bayan gari, babu ƙofa babu taga, an rataya buhu a madadin labule. Mai kangon ya bar su su zauna don Allah, har zuwa ranar da zai samu kuɗin kwano.

Bayan mun gaisa sai ta kwance wata leda, ta fiddo 'yan takardu guda uku, duk sun yi laushi saboda ajiya. Ta ce, “Ɗa na, kai da ka yi boko, duba min waɗanga. Sau ukku ana rubuta mu, har hoto an ɗauke mu, an ce za a gina muna gidaje. Shin wa za mu tambaya?”

Na jujjuya takardun. Lamba ce kurum da sunan ta, ɗaya ma an rubuta sunan ba daidai ba. Babu adireshi, babu ranar dawowa, babu sunan wanda ya rubuta. Na ce, “Gwaggo, sai dai mu yi ta addu'a.” Amma fa na ji kunyar amsar. Tun daga ranar na shiga bin tarihin wannan tambaya ta ta, sai na tarar ta girme ta nesa ba kusa ba.

GOBIRAWA SUN SAN SAKE GARI

Duk wanda ya san tarihin Gobir ya san ba yau mutanen ta su ka fara tashi su sake mazauni ba. A tsakiyar ƙarni na 18 Sarkin Gobir Babari ya kafa Alƙalawa a ƙasar da ta ke hannun Zamfarawa, har masu ba da tarihi na cewa gonar alƙalin Zamfara ce aka ba su, shi ya sa sunan. A nan Bawa Jangwarzo ya yi zamanin sa. Cikin 1808 birnin ya faɗi a hannun masu jihadi, aka kashe Yunfa, jama'a ta watse. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836 Mayaƙi ya kafa Tsibiri kusa da Maraɗi. Wajen 1860 kuma Ɗan Halima ya ɓalle daga Tsibiri, ya dawo kusa da kufan Alƙalawa ya kafa garin da ake kira Sabon Birni har gobe. Sunan kan sa shaida ne. Mutanen da su ka rasa gari ne su ka zo su ka gina wani.

To yaya aka gina shi? Babu ɗan kwangila, babu fom. Al'adar biranen Hausa ita ce a raba ganuwa kashi-kashi, kowace unguwa ko ƙauye da ɓangaren ta, idan an kawar da amfanin gona a fito a yi gyara. Idan wani gefe ya zube, kowa ya san na su wane ne. Baƙo idan ya zo neman wurin zama, mai unguwa ne zai kai shi ya nuna masa fili a gaban maƙwabta, a yi iyaka kowa na kallo. Ginin kuwa na gayya ne: wasu kwaɓa ƙasa, wasu murza tubali, wasu miƙa wa magini, mata na kawo fura. Shi kan sa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya cika wannan iyaka da garuruwan ribaɗi, ya rubuta wa Umarun Dallaje na Katsina a littafin Usulus Siyasa cewa aikin shugaba ne ya kula da masu sana'a irin su magina, ya zaunar da su a garuruwa, ya gina birane, ya gyara kasuwa da hanya.

Kada mai karatu ya zaci ina cewa zamanin aljanna ne. Bayi sun sha ɗaukar ƙasa a ka, talaka ya sha aikin dole, kuma Shehu Usmanu bai rubuta Kitabul Farƙi ya na sukar zaluncin sarakai da cin gaisuwa don wasa ba. Mai unguwa ma ya kan yi son kai. Abu guda dai na ke son a lura da shi: mai rabon ya na zaune cikin waɗanda ya raba wa. Masallacin su ɗaya, rijiyar su ɗaya. Idan ya ba surukin sa filin marayu, kafin la'asar zancen ya gama gari, kafin sati 'yan mata sun sa shi a waƙar gaɗa. Wannan idon na jama'a shi ne abin da ya ɓace lokacin da gwamnati ta karɓi aikin.

GIDAN GWAMNATI NA MA'AIKACI NE

Turawa, waɗanda su ka tsaga Gobir biyu da yarjejeniyoyin iyaka na 1904 da 1906, ba su taɓa tunanin gina wa talaka gida ba. Sun yi wa kan su unguwa, sun yi wa soja da ɗan sanda bariki, sun yi wa akawu kwatas. Daga nan kunnen Bahaushe ya saba da cewa gidan gwamnati na mai albashi ne. Wannan fahimta ba ta bar mu ba har yau, kuma abin baƙin ciki, gaskiya ce.

Da kuɗin fetur ya zo sai buri ya ƙaru. An kafa Hukumar Gidaje ta Tarayya cikin 1973, a zamanin Gowon. Tsarin raya ƙasa na 1975 zuwa 1980 ya yi alƙawarin gidaje 202,000, amma abin da aka kammala bai kai 30,000 ba. A tsakanin nan ne aka yi Dokar Mallakar Ƙasa ta 1978, wadda ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna. Wato filin da a da ake nuna wa mutum da sanda a gaban shaidu, yanzu ya koma cikin fayil a ofishin da talaka bai san ƙofar sa ba.

Sai ga namu ya zo. Alhaji Shehu Shagari ya hau mulki a 1979 da taken abinci da muhalli, har tutar jam'iyyar sa ta NPN gida ne da masara a jikin ta. Shirin shi ne a gina gidaje 40,000 duk shekara, 2,000 a kowace jiha cikin jihohi 19 na lokacin da kuma Abuja, mafi yawan su don masu ƙaramin ƙarfi. Dakta Wahab Dosunmu ne ministan gidaje. Zuwa tsakiyar 1983 wajen 32,000 aka gama, kashi ɗaya cikin biyar na abin da aka nufa. Ranar 31 ga Disamba na shekarar soja su ka karɓe mulki, shirin ya mutu a tsaye.

Ni ba na cikin masu yi wa wannan shiri dariya. Mutumin da ya yi malamin makaranta a ƙauyukan Sakkwato ya san mene ne ɗaki mai yoyo, kuma har yau akwai dubban iyalai da ke kwana a ƙarƙashin kwanon gidajen da ake kira lokos ko Shagari kwatas a garuruwan Arewa. Amma idan ka bi labarin a tsanake za ka ga ƙofofi uku ne aka rufe wa talaka, kuma su ne ake ta rufewa tun daga lokacin.

Ta farko, wurin da za a gina. Tunda ƙasa ta na hannun gwamna, a jihohin da 'yan adawa ke mulki sai abin ya koma rigimar siyasa. Ta Jihar Oyo a zamanin Bola Ige ta fi yin suna. A wurare da yawa aka kai gidajen can bayan gari, babu ruwa, babu hanya, babu kasuwa. Mai albashi da babur zai iya. Ɗan dako fa, ko mai tallar goro, ko matar da ke sayar da ƙosai a ƙofar gida? Abincin su ya na cikin jama'a ne. Shi ya sa wasu rukunan su ka shekara da shekaru babu kowa sai jemage da awaki.

Ta biyu, siffar gidan. Zane guda aka yi wa ƙasar baki ɗaya, daga Kalaba har Illela: ɗaki ɗaya da falo da makewayi a manne, wai mai shi ya ƙara daga baya. Babu zaure. Babu tsakar gida inda mace za ta yi daka ta shanya, ta ɗaure akuya. Bahaushe mai mata biyu da uwa tsohuwa ina zai sa su? Da an tara dattawa goma da mata goma a ƙarƙashin bishiya an tambaye su, da a yini ɗaya sun gyara zanen. Mai ɗaki ai shi ya san inda ya ke masa yoyo. Duba lokos ɗin da aka zauna a ciki yau, za ka ga kowa ya ja katanga, ya yi zaure, ya fitar da makewayi waje, da kuɗin aljihun sa.

Ta uku, ita ce uwar su: rabo. An ba 'yan jam'iyya kwangila, wasun su ba su taɓa aza bulo a kan bulo ba, sun karɓi kuɗin somin-taɓi sun yi gaba. Gidajen da aka gama kuma, babu inda aka tara jama'a aka karanta sunayen waɗanda su ka samu da dalilin da ya sa su ka samu. Da sunan talaka aka fitar da kuɗin, makulli kuwa ya tafi inda ya tafi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

ABIN DA BAKOLORI YA KOYA WA MUTANE

Wani zai ce, to su talakawan me ya hana su tambaya? A tsohuwar Jihar Sakkwato akwai amsa, kuma da jini aka rubuta ta. An gina madatsar ruwa ta Bakolori kusa da Talatar Mafara tsakanin 1974 da 1978, aka tashi dubban mutane daga gidajen su da gonakin su na fadama. An kai su sabon matsuguni a kan tudu mai tsakuwa, diyya kuma ta zama sai wanda ya san wani. Manoman su ka yi abin da ake cewa al'umma ta yi: su ka haɗa kai, su ka kai ƙara, su ka tare hanyoyin aikin su na neman a biya su. A ƙarshen Afrilu 1980, Shehu Kangiwa na gwamna, aka tura 'yan sandan kwantar da tarzoma. Alƙaluman hukuma ba su kai mutum talatin ba. Mutanen wurin kuwa ɗaruruwa su ke faɗa, kuma an ƙone ƙauyuka.

Daga Mafara zuwa Isa ba nisa ba ne. Labarin ya bi kasuwanni ya isa ko'ina, iyaye su ka gaya wa 'ya'ya. Idan yau ka ga dattijo an rubuta sunan sa sau uku bai ce uffan ba, sai “Allah ya saka da alheri,” kada ka yi saurin kiran sa sakarai. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Abin da ya biyo baya ba sai mun daɗe a kai ba. Cikin 1992 aka kafa Asusun Gidaje na Ƙasa, ana cire kashi biyu da rabi cikin ɗari na albashin ma'aikaci. Wanda ba shi da takardar albashi kuwa, kamar babu shi. Cikin 1994 gwamnatin Abacha ta shelanta gidaje 121,000, Alhaji Lateef Jakande na minista, mutumin da ya yi suna da gidaje masu araha lokacin ya na gwamnan Legas. Jama'a su ka biya kuɗin ajiya saboda sunan sa, ba a kai ko kashi goma cikin ɗari ba.

Daga 1999 gwamnonin Sakkwato sun yi gini, ba a musu. Daga Attahiru Bafarawa, wanda shi ma ɗan ƙasar Isa ne, zuwa Aliyu Wamakko, Aminu Tambuwal da Ahmed Aliyu, an gina ko an fara rukunin gidaje irin su na Bafarawa, Bado, Kalambaina, Gidan Man Ada, Gidan Salanke da Wajake. Amma dubi inda su ke: birnin Sakkwato da kewayen sa. Kuma tsarin biyan ya fi dacewa da ma'aikacin da za a riƙa yanka daga albashin sa. Malamin makaranta da nas sun cancanci gida, wallahi sun cancanta. Sai dai a kira abin da sunan sa, kada a ce na talakawa ne.

Sau ɗaya aka matso kusa da talakan karkara, shi ma ruwa ne ya tilasta. A watan Satumba 2010 ambaliya ta bi gulbin Rima, ta yi ɓarna tun daga Isa da Sabon Birni har Goronyo, Wurno, Kware da Silame, ta tafi da gadar da ke kai mutane Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Gwamnatin Wamakko ta ba da aikin gidaje don waɗanda abin ya shafa a Goronyo, Gada da Silame. Abin yabo ne. Amma ambaliya irin wannan, wadda ta raba mutane masu yawa haka da muhallin su, ko gida nawa aka gina ba za su isa ba. Idan kuwa abu bai isa ba, duk darajar sa ta koma kan tambaya ɗaya: wa ya zaɓa, kuma a gaban wa?

SABABBIN TALAKAWAN BIRNI

Yanzu mu dawo kan gwaggo ta. A da idan aka ce talakan birni, ɗan ci-rani ake nufi, mai zuwa da rani ya koma da damana. Daga wajen 2019 abin ya sake fuska a gabashin Sakkwato. A watan Mayu 2020 aka kashe mutum sama da 70 a ƙauyukan Garki, Ɗan Aduwa, Kuzari, Katuma da Masawa. Cikin 2021 aka yi na Burkusuma, sannan a Disamba aka ƙone matafiya cikin mota a Gidan Bawa. Manoma masu rumbu da shanun huɗa su ka wayi gari su na kwana a azuzuwan firamare a Sabon Birni da Isa, ko a kangwaye da wurare irin su Ramin Kura a cikin Sakkwato. Dubbai kuma su ka tsallaka wajen 'yan'uwan su na Jihar Maraɗi, inda Hukumar 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya da gwamnatin Nijar su ka zaunar da wasu a Garin Kaka, Ɗan Daji Makau da Cadakori. Jikokin waɗanda su ka bi Ɗan Halima daga Tsibiri sun sake bin hanyar, wannan karon ta baya.

Su ne talakawan birni na yanzu, kuma da sunan su za a yi gine-gine na gaba. An ma fara. Cikin 2024 Mataimakin Shugaban Ƙasa Kashim Shettima ya ƙaddamar da shirin sake tsugunar da waɗanda rikici ya tarwatsa, wanda da farko aka kira Pulaku, da naira biliyan 50, a jihohi bakwai har da Sakkwato. A Tudun Biri ta Kaduna aka aza tubalin farko. A shekarar kuma ma'aikatar gidaje ta tarayya, Ahmed Musa Ɗangiwa na minista, ta fara rukunin gidaje 250 a Sakkwato. An faɗi kuɗin mai ɗaki ɗaya a irin waɗannan rukunan: naira miliyan 8 zuwa 9. Mafi ƙarancin albashi da aka amince da shi a shekarar naira 70,000 ne a wata. Yi lissafi da kan ka: kusan shekara goma mutum bai ci ba bai sha ba. Wannan fa mai albashi kenan. Gwaggo ta surfe ta ke yi.

Saboda haka gidan sayarwa ba nata ba ne, komai arahar sa. Abin da ya rage mata shi ne na tsugunarwa, na kyauta. Shi kuwa na kyauta shi ya fi jan ƙuda.

DA AN SO, AN SAN YADDA AKE YI

Masu karatun wannan mujalla sun san Indiya ta hanyar fim, amma akwai wani abin da ya kamata mu ara daga can ban da rawa da waƙa. A ƙarshen 1994 wata ƙungiyar leburori da manoma a Jihar Rajastan, mai suna MKSS, ta fara wani abu mai sauƙi har da ban dariya. Sai su samo takardun aikin gwamnati na ƙauye, su tara jama'a a fili, mutum ɗaya ya miƙe ya karanta da ƙarfi: wane an biya shi kaza, an sayi siminti buhu kaza. Nan take sai ka ji wani ya ce, ai wannan ya rasu shekara uku da ta wuce! Wata ta ce, ni ban taɓa ganin wannan kuɗi ba. Babu lauya, babu alƙali, wasu shugabannin ƙauye har su ka maido da kuɗi don kunya. Wannan yunƙuri ya na cikin abin da ya haifi dokar 'yancin samun bayanai ta Indiya a 2005. A shirin su na gidajen karkara ma an shar'anta a amince da jerin sunaye a taron ƙauye, a rubuta shi da fenti a bango, kowa ya san na nawa ne a layi. Ba a daina cuta ba, a'a. An dai sa ta yi wuya.

Ba ma sai mun je Indiya ba. A Ngarannam ta ƙaramar hukumar Mafa a Borno, garin da Boko Haram ta tarwatsa, gwamnatin jihar da Hukumar Raya Ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya sun sake gina gari, aka buɗe shi a 2022. Mai zanen, Tosin Oshinowo, Bayarabiya ce daga Legas, amma ta zauna da mutanen ta tambaye su yadda su ke rayuwa. Ka san abin da ya fito a zanen? Zaure. Abin da lokos ya rasa shekara arba'in da su ka wuce, wata baƙuwa ta same shi da tambaya kawai.

Doka ma ta na nan. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar neman takardun kwangila, a amsa masa cikin kwana bakwai. Jihohi sun daɗe su na cewa ba ta hau kan su ba, har sai da Kotun Ƙoli ta yanke a Afrilu 2025 cewa ta hau. Wato ƙungiyar ɗaliban Gobir, ko ta 'yan kasuwar Sabon Birni, ko malaman Isa, su na iya rubutawa su tambayi gida nawa, a kan nawa, wa ke ginawa, kuma ina jerin sunayen. Ba alfarma su ke roƙo ba.

Sai dai kada mu yaudari kan mu, tsugune ba ta ƙare ba. Idan aka ce al'umma ta sa ido, wace al'ummar? Mutanen ƙauye guda yau wasu na Sabon Birni, wasu na Sakkwato, wasu na Gidan Rumji a ƙasar Nijar. Sarautar da aka saba jingina da ita ita ma ta na cikin wuta: a Agusta 2024 Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannun masu garkuwa da mutane, bayan duniya ta gan shi a bidiyo ya na roƙon a cece shi. Akwai ƙauyukan da 'yan bindiga su ka tuɓe masu gari su ka naɗa nasu. Kwamiti kuma, mun san halin kwamiti. Idan shugaban jam'iyya na mazaɓa ne zai tsamo mutum bakwai, to an ba kura ajiyar nama ne, an ƙara mata da hatimi.

Akwai ma abin da mutanen Rajastan ba su fuskanta ba. A ƙasar da infoma ya cika, liƙa sunan wanda ya samu gida a bakin kasuwa kamar nuna shi da yatsa ne ga masu neman kuɗin fansa. Wannan tsoro na gaske ne, kuma na san wasu jami'ai za su fake da shi su ce gara a ɓoye komai. Ni a gani na akwai tsaka-tsaki. Kuɗin aiki, sunan ɗan kwangila, yawan gidaje da ranar gamawa, waɗannan a kafa allo, a faɗa a rediyo da Hausa. Jerin sunaye kuwa a karanta shi ga masu abin, ƙauye-ƙauye, a inda su ke gudun hijira. Mutanen gari ɗaya sun san junan su ko a duhu. Sun san wanda aka ƙone wa gida, sun san wanda tun 1990 ya ke zaune a Sakkwato da shagon sa, sai yanzu ya tuna shi ɗan ƙauyen ne.

A kuma yi na mata daban. Masu rubuta suna sun saba tambayar “ina maigida?” alhali yawancin waɗanda za ka tarar a kangwayen nan mata ne da yara, maigidan ya na kabari ko ya na daji a ɗaure. Idan aka rubuta gida da sunan ƙanen miji, gobe ya sayar, matar da marayun ta su koma inda su ka fito. Mace ba za ta miƙe a gaban hakimi da liman ta ce an cuce ta ba, amma a tsakar gida, cikin 'yan'uwan ta mata, za ta faɗa har da ƙari.

Kafin in baro Sakkwato na sake komawa wurin gwaggo, na kwafi lambobin da ke jikin takardun ta. Ta kira min wasu mata biyar 'yan garin su da ke kangon da ke kallon nasu, kowacce ta kawo nata. Biyu daga ciki lambar su ɗaya, sunaye daban. Wani yaro ɗan sakandare, jikan ɗaya daga cikin su, ya ce zai iya zagawa ya rubuta sauran mutanen garin da ke cikin birni idan aka saya masa littafi. Na ba shi kuɗin littafi da biro. Da na kira bayan sallar layya ta 2025, ya ce ya kai gida 61, kuma wani dattijo ya hana a rubuta shi, wai ya gaji da rubutu.